Wurin da Bam Ya Tashi, Shi Ne Shaida Na Farko



Ran Lahadi, 17 ga watan Yuni 2012, wata mota ɗauke da bam ta tarwatse a cocin Shalom da ke Tirkaniya, a ketaren kogin Kaduna. A safiyar nan kuma aka kai wa coci biyu irin wannan hari a Zariya, ɗaya a Wusasa, ɗaya a Sabon Gari. Kafin azahar rikicin ramuwar gayya ya ɓarke, aka kashe mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba, har Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ba dare ba rana. Daga baya ne ƙungiyar Boko Haram ta ce aikinta ne. Watau jita-jita ta riga bincike isa kunnen jama'a. Abin da ya sa ke nan na zaɓi in yi magana a kan aikin masu binciken irin wannan wuri.

Tushen wannan ilmi yana wurin wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Liyon cikin 1910. Ƙa'idarsa ita ce, duk inda abu biyu suka haɗu, kowanne zai bar alama a jikin ɗan'uwansa. Mutane suna zaton bam yana cinye kansa. Ba haka ba ne. Farfashewa yake yi, ya watsu. Guntun waya, ɓallin batir da ƙarfen mota duk suna nan, sai dai a tsince su.

Da an kwashe waɗanda suka ji rauni, aikin farko shi ne a tabbata babu bam na biyu. Ran 14 ga Fabrairu 2012, a Unguwar Sarki, wani ɗan sanda mai kwance bam ya rasa ransa yana duba wata leda, bayan wani bam ya riga ya tashi a kusa. Sa'an nan a auna daga ramin zuwa ɓaraguzan da suka fi nisa, a ƙara rabin wannan tazara, a kewaye da igiya. Sai a raba filin gida-gida, a ɗauki hoto, a tankaɗe ƙasar ramin da rariya, a goge bango da ƙarafa da auduga don a gwada irin sinadarin da ya maƙale.

Shi kansa ramin magana yake yi. Nakiya tana haƙa rami, ta daddatsa ƙarfe. Iskar gas da ta taru a ɗaki kuwa tura bango take yi waje, galibi ba ta barin rami. Da irin wannan ake raba haɗari da ta'addanci. Fashewar da ta auku a Sabon Tasha ran 4 ga Janairu 2020, wadda ta yi ajalin Farfesa Simon Mallam, daga shagon sayar da gas ta taso. Ku duba abin da zai iya faruwa a garin nan da an bar wa masu baki su ba ta wani suna.

Kada kuma ku raina ɗan ƙarfe. A Okalahoma ta Amurka, cikin 1995, inda mutum 168 suka mutu, lambar da ke jikin ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya na motar ita ce ta kai masu bincike wurin da aka yi hayarta. A Lokabi ta ƙasar Sikotilan, inda jirgin sama ya tarwatse cikin 1988, wani ɗan guntun na'urar agogo da bai kai farce ba ya zama babbar hujja a kotu. Mu kuwa, tun 1986 aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a Ikeja, har yanzu kotu ba ta hukunta kowa ba.

To, wa ke ɓata shaida? Ruwan damina yana narkar da sinadarin takin zamani da ake haɗa bam da shi. Wannan ba mu da iko a kansa. Amma ƙafar ɗan kallo, da hannun yaro mai tsintar ƙarfe, da babban mutum da ya zo jaje da ayarinsa ya ƙetare igiya, da ma'aikacin da ya ba da umurnin share titi tun kafin a gama, waɗannan namu ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, gobe ku ne hakimai, alƙalai, manyan sakatarori. In ƙaddara ta kai ku irin wannan wuri, ku taimaki mai rauni, ku ja da baya, ku hana a taɓa komai, ku kuma kame bakinku har bincike ya yi magana. Gani ya kori ji, amma sai an bar abin da za a gani.

Allah ya kiyashe mu, ya zaunar da Kaduna lafiya.