Wutar Lantarki da Yaƙi da Sanƙarau a Arewacin Zamfara



A ƙarshen shekarar 2016 ne ciwon sanƙarau ya ɓulla a ƙasar Zurmi. Kafin daminar 2017 ta kankama, ya watsu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, ya hallaka mutane fiye da 1,000. Da masana suka bincika, sai suka tarar ƙwayar cutar jinsin C ce, alhali kuwa allurar MenAfriVac, wadda aka soma yi wa jama'a a 2011, jinsin A kaɗai take tarewa. A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da Men5CV, mai tare jinsi 5.

To, amma samun magani daban, adana shi daban. Wajibi ne allurar ta zauna cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, ga shi kuwa sanƙarau da bazara ya fi tsanani. Wutar da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suka dogara da ita daga nesa take tafowa. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Saboda haka aikin da ke gaban injiniyoyi shi ne su wadata kowane asibiti da firji mai aiki da hasken rana, su kuma horar da masu gyara daga cikin 'yan gari. In ba haka ba, wahalar masu bincike ta tashi a banza.