Hanya ɗaya, kotu biyu

Yau za mu leƙa Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, kuma maganar kotu za mu yi.

Ku ɗauka yara biyu sun jefi mota da dutse a hanya ɗaya kusa da Ramallah. Ɗaya Bafalasɗine, ɗaya ɗan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna. Na biyun kotun farar hula ta Isra'ila za a kai shi. Bafalasɗinen kuwa sai kotun soja, irin ta Ofer, inda alƙali soja ne, mai gabatar da ƙara soja ne, kuma da Ibrananci ake shari'ar sai an yi masa tafinta. Haka ake tun bayan yaƙin 1967.

To me ke faruwa a can ciki? Jaridar Haaretz ta taɓa fitar da alƙaluman kotunan sojan na 2010: kashi 99.74 cikin ɗari na shari'o'in sun ƙare da kama mutum da laifi. Wani zai ce ai masu laifi kawai ake kamawa. Ni dai ban yarda ba. Abin yana wajen beli ne. Sau da yawa ana riƙe mutum a tsare har a gama shari'a, shari'ar kuma tana iya cin watanni da dama. Sai lauyanka ya ce maka, ka amsa laifi a ba ka wata huɗu, ko ka musa ka yi wata takwas kana jira. Tsakani da Allah, wanne za ka zaɓa? Shi ya sa yawancinsu da sulhun amsa laifi suke ƙarewa.

Kun tuna Ahed Tamimi? Tana da shekara 16 ta mari soja a ƙauyensu Nabi Saleh a 2017, ta amsa laifi, aka ba ta wata takwas. Elor Azaria, sojan da ya harbe Bafalasɗine yana kwance da rauni a Hebron a 2016, shi ma kotun soja ce ta yanke masa wata 18, aka rage, ya fito bayan wata tara.

Akwai kuma tsarewa ba tare da tuhuma ba, wata shida-shida ana sabuntawa, hujjar a ɓoye. A Nuwamban 2024 ministan tsaro Israel Katz ya ce an daina yi wa 'yan kama-wuri-zauna wannan. Falasɗinawa kuwa dubbai na ciki.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, sai shiri na gaba.