Abin da Mai Ɗaukar Aiki Yake Nema Bayan Takarda



An nemi mu yi magana kan abin da masu ɗaukar ma'aikata suke dubawa a jikin mai neman aiki. Batun ya shafe mu ta fuska biyu: mu kanmu ma'aikata ne, kuma duk wanda za a ɗauka aiki gobe ta ajinmu ya ratso.

Bari mu fara da kasuwa. Idan aka kawo wa ɗan kasuwa yaro a Kantin Kwari, ba ya tambayar kiredit nawa ya ci a WAEC. Sai ya aike shi da kuɗi, ya ga ko canji zai dawo cif. Ya ba shi saƙo, ya ga ko zai isar yadda aka faɗa. Ya lura da lokacin da yake isowa da safe, da yadda fuskarsa take idan mai saye ya sa an sauke atamfa goma ya tafi bai sayi ko ɗaya ba. Sai an yi watanni a haka kafin a damƙa masa makullin shago. Banki da asibiti da kamfani ma abin da suke nema ke nan, illa dai su sukan rubuta shi da Turanci a tallar aiki. Takardar shaida tana kai mutum ɗakin tantancewa, amma waɗannan halaye ake gwadawa idan ya zauna.

Inda ya kamata mu tsaya mu duba kanmu shi ne isar da saƙo. Yaro yakan shekara shida a sakandare yana kwafar abin da muka rubuta a allo, bai taɓa tsayawa gaban aji ya bayyana wani abu da bakinsa ba, bai taɓa rubuta rahoton abin da ya gani da idonsa ba. Mun yaba masa saboda shirunsa, mun kira shi mai ladabi. Ranar da ya zauna gaban masu tantancewa aka ce ya faɗi abin da ya iya, sai ya sunkuyar da kai kamar yadda muka saba masa. Ladabi abu ne mai kyau, amma ba shi ne kasa magana ba, kuma mu ne muka haɗa masa su wuri guda.

Mun san uzurinmu. Aji ya cika maƙil, manhaja tana da yawa, albashi yakan makara. Duk gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina fafutuka a kansu ba. Sai dai akwai abin da ba a koyarwa da alli. Malamin da ya shigo aji bayan an cinye rabin darasi ya riga ya koyar da darasi kan kiyaye lokaci. Wanda ya kau da kai a ɗakin jarrabawa, ko ya miƙa amsa da hannunsa, ya koya wa yara cewa amana abar ciniki ce, kuma da wannan karatun za su riƙe asusun wani.

Na'ura kuwa ba sai an tsawaita ba. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta zalla, amma har yau muna da ɗaliban da ranar jarrabawar ce suke fara taɓa ta. Makarantar da take da ɗakin kwamfuta a kulle don gudun lalacewa, ta buɗe shi.

Roƙonmu ga reshe guda biyu ne. Kowane malami ya ware minti biyar a darasi ɗaya kowane mako, ɗalibi ya tashi ya yi wa aji bayani da bakinsa, mata da maza, har layi ya zagayo kan kowa. Sannan kafin zangon nan ya ƙare, mu gayyato ɗan kasuwa da ma'aikaciyar jinya da ma'aikacin banki, su faɗa wa 'yan aji shida dalilin da ya sa suka taɓa ganin an sallami wani daga aiki.