Ciwon Wuya Lokacin Jarabawa: Me Likitan Gashi Zai Yi Maka?

 Yau da ɗalibai nake, musamman ku da jarabawa ta ƙarato. Ka kwana kana karatu a kan katifa, kai a sunkuye, gari na wayewa sai ka ji wuya ya riƙe, kafaɗa kamar an ɗora maka buhu. Ka san wannan, ko?

Kan mutum ya kai wajen kilo 5. In ka sunkuya sosai kana kallon waya, nauyin da wuya ke ɗauka zai iya kai kilo 27. Tsokar da ta taso daga ƙeya zuwa kafaɗu ita ke wannan dakon, awa da awanni. Dole ta gaji.

Yawancinmu sai mu nufi kemis. To, ƙwaya tana kwantar da zafin, amma ba ta gyara zamanka ba, kuma yawan shan irin su diclofenac yana iya taɓa ciki da ƙoda.

A sashen fisiyo, wato gashin ƙashi, kamar na Asibitin Dala a Kano, za a fara duba yadda kake juya wuya. Daga nan a gasa wurin, a yi tausa, wani lokaci a liƙa maka wata na'ura mai ɗan tsirar lantarki don rage zafi. Amma babban maganin shi ne atisayen da za a ba ka ka je gida da shi.

Gwada yanzu. Zauna a miƙe, ja haɓarka baya, riƙe daƙiƙa 5, maimaita sau 10. Sannan karkata kunne zuwa kafaɗa a hankali, daƙiƙa 20 kowane gefe. Duk bayan minti 30 ka tashi ka ɗan taka. Littafi da waya, ɗago su daidai ido. Jaka kuma a goya ta da kafaɗu biyu.

Sai dai fa a kula. In ciwon ya sauko hannu, ko hannun yana mutuwa, je asibiti. In kuwa wuya ya sandare ga zazzaɓi da ciwon kai, kada a tsaya tausa, yana iya zama sanƙarau. A garzaya nan take.

Allah Ya ba da sa'ar jarabawa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.