Birni Yana Tahowa Gonarka: Tarihin Dokokin Fili da Gidaje a Sakkwato

(Jawabin da aka yi wa dattawan ikilisiyoyi, shugabannin zumuntar mata da matasa na ƙauyuka)

 

Bari in fara da tambaya. Mutum nawa ne a nan yake da takardar gonarsa ko ta gidansa? Na ga hannuwa kaɗan. Na kuma san abin da sauran za su ce: gonar nan gado ce, kakana ya sare dajin, kowa a ƙauye ya san iyakarta. Gaskiya ne. Amma ku dubi Arkilla, Mabera, Dambuwa da Gwiwa. Dattawan Sakkwato suna tuna lokacin da ake noman gero a wuraren nan. Yau gidaje ne da tituna. Birnin ya riga ya shiga ƙasar Wamakko, Kware da Dange Shuni, bai kuwa tsaya ba. Shi ya sa nake so mu san dokokin da ake bi a karɓi ƙasa ko a bayar da ita, da kuma inda suka samo asali.

Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Sakkwato wajen shekarar 1809, aka kewaye shi da ganuwa. Har yanzu muna kiran sunayen ƙofofin: Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kware da sauransu. A zamanin nan ƙasa amana ce a hannun sarki. Baƙo ya zo, sai ya bi ta wurin mai unguwa ko dagaci, a nuna masa inda zai kafa. Shaidu su ne takarda. Wannan tsari yana da kyau a inda kowa ya san kowa, da yawanmu kuma a kansa muke har yau.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A 1910 suka yi doka wadda ta ce dukan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Suka sake tabbatar da ita a 1916. Ku lura da wannan da kyau. Daga ran nan, a idon doka, ba ka mallaki ƙasa kamar yadda ka mallaki akuyarka ba. Abin da kake da shi izini ne na zama da amfani. Dokar ta yi wani alheri, domin ta hana kamfanonin Turawa su saye ƙasar talakawa su kore su, kamar yadda ya faru a Kenya da Afirka ta Kudu. Amma ta ɗora magana ta ƙarshe a kan tebur ɗin gwamnati.

A 1917 aka yi dokar tsara garuruwa. Tsarin Lugga, wato Gwamna Lugard, shi ne Bature ya zauna dabam, ɗan ƙasa dabam, a bar fili na yadi 440 tsakaninsu wanda ba a gini a ciki. Hujjarsu wai kada sauro ya kwaso zazzaɓi daga gari ya kai bariki. Kamar sauro ya san awon yadi! Daga nan aka sami unguwar da muke kira Ji'ar'e, mai manyan filaye da itatuwa da tituna miƙaƙƙu. A Kano da Zariya kuma aka ware Sabon Gari domin baƙi. Tsohon birni aka bar shi a hannun En'e da lungunansa. Kuɗin tsara gari ya tafi inda masu mulki suke kwana. In kun ga wata unguwa da magudanar ruwa mai kyau, wata kuma ruwa yana kwana a ƙofar gida, to, bambancin ya girmi iyayenmu.

An yi wata dokar tsara birane a 1946, sai gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar ƙasa a 1962, wadda ta mayar da ikon hannun minista. Ba zan daɗe a kansu ba. Abin da ya canza Sakkwato sosai shi ne 1967, da ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, sai jami'a a 1975, sai Jihar Sakkwato a 1976. Ma'aikata suka cika gari. Ana bukatar ofisoshi, makarantu, barikoki da gidaje, dukansu kuwa a kan gonakin wasu aka gina su.

Yanzu ga dokar da ta fi shafar mu, ina roƙo a kasa kunne. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Aka sa ta cikin tsarin mulki na 1979, tana kuma cikin na 1999, saboda haka canza ta ba ƙaramin aiki ba ne. Ita ce take aiki har yau. Ta ce dukan ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamnan jihar a matsayin amana. Ta raba ƙasa biyu. Ƙasar birni, gwamna ne yake bayar da izininta, da takardar nan da ake kira Si-of-O, wadda ta gidan zama takan kai shekara 99. Ƙasar karkara kuwa, ƙaramar hukuma ce take bayar da izinin mallaka na gargajiya, domin noma, kiwo ko zama.

Wa yake faɗin inda birni ya ƙare, karkara ta fara? Gwamna ne, da sanarwa a rubuce. Wato kana iya kwana a ƙauye, ka tashi gonarka ta zama ƙasar birni, ba ka matsa ko taki ɗaya ba.

Dokar ba ta ƙwace gonar kowa ba. Wanda yake noma gonarsa kafin 1978, shi da magadansa suna da iko su ci gaba, ko ba takarda. Amma ta ba gwamnati iko ta karɓi ƙasa domin amfanin jama'a, kamar hanya, makaranta, asibiti ko rukunin gidaje. Dole a ba mai ƙasar sanarwa, dole kuma a biya diyya. Ga inda mutane suke kuka: diyyar ba ta ƙasar kanta ba ce. Ana biyan abin da ke kanta ne, wato gini, rijiya, amfanin gona da itatuwa masu amfani. Gonar da aka je awo da rani, an riga an girbe, ba mangwaro, ba ɗorawa, ba rijiya, abin da za a rubuta mata kaɗan ne ƙwarai, ko da ta ciyar da gida shekara hamsin. In ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar noma, dokar ta ce ta ba mutumin wata a madadinta. Mutane da yawa ba su san wannan ba, don haka ba su tambaya.

Kada mu ɗauki maganar diyya da wasa. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, wadda a lokacin tana cikin Jihar Sakkwato, an gina madatsar ruwa, aka tashi manoma, batun diyya ya ƙi ƙarewa. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far wa manoman da suka tare hanya, aka rasa rayuka da yawa. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Na kawo shi ne don mu ga abin da yakan faru in ba a rubuta abin kowa ba tun da fari.

To, gidajen gwamnati fa? An kafa hukumar gidaje ta tarayya a 1973, da bankin lamunin gidaje a 1977. Da Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar nan, ya hau mulki a 1979, ya yi niyyar gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara. Abin da aka gina bai kai rabi ba, a wasu jihohi kuma an kai gidajen can nesa da gari inda ba ruwa ba mota. Unguwannin lokwas irin na Arkilla da Gwiwa sun fito ne daga irin waɗannan shirye-shirye na tarayya da na jiha, sun kuma taimaki iyalai da dama. A 1991 aka fito da manufar gidaje ta ƙasa, a 1992 aka kafa asusun gidaje, inda doka ta ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. A ganina dukan waɗannan an yi su ne da mai albashi a zuciya. Manomi, mai tura baro, mai sayar da ƙosai, su ba su da takardar albashi. Da hannunsu suke gina gidajensu, bulo goma yau, bulo ashirin bayan kaka.

A nan ne 'ya'yanmu da suke zuwa birni suke faɗawa rami. Yaro ya yi shekaru yana tara kuɗi, dillali ya kai shi bayan gari, ya nuna masa fuloti na awon igiya, aka rubuta 'yar takarda, ya biya. Bai sani ba an riga an zana hanya a wurin a taswirar gwamnati, ko an sayar wa mutum biyu kafin shi. Ya kai gini linta, sai ya tarar da jan fenti a bango. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce kada a yi gini sai da izinin hukumar tsara gari, ginin da ba izini kuma ana iya rushe shi. Wani kuma ya sayi fili mai araha a fadama. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba 2010, da ruwan Rima ya cinye ƙauyuka daga Goronyo zuwa ƙasa, har ya yanke hanyar jami'a, sun san dalilin arahar.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kafin ɗanka ya biya ko naira ɗaya, ya je ma'aikatar filaye ta jiha ya bincika lambar fulotin, ya tambaya ko wurin yana cikin tsarin gwamnati. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta tsayar da katafila. Dokar 1978 ta ce sayar da fili mai Si-of-O sai da yardar gwamna, na gargajiya kuma sai da yardar ƙaramar hukuma.

Mu da ke ƙauye, mu zagaya iyakokin gonakinmu tare da maƙwabta da dagaci, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Mu dasa itatuwa a kan iyaka, mu ƙirga su. In gona aro ce ko jingina, a rubuta cewa aro ce, domin bayan shekara ashirin waɗanda suka shaida ba za su kasance ba. Maza, ku nuna wa matanku inda takardu suke. Na zauna da gwauruwa wadda mijinta ya gina gida a birni, ya rasu, ba ta san ko akwai takarda ba, dangi kuma suka ce gidan ba nata ba ne. Da ta san akwatin da takardar take, da maganar ta zo da sauƙi.

Dattawa, filin majami'a da na makaranta da na maƙabarta fa? Sau da yawa wani dattijo ne ya bayar da baki shekaru da suka wuce, ya rasu, jikoki sun ga fili ya yi daraja. A je wurin iyalin tun ana zaman lafiya, a rubuta kyautar, a kai ƙaramar hukuma, a yi takardar da sunan amintattun ikilisiya, ba da sunan fasto ko wani mutum ɗaya ba.

In masu awo suka zo ƙauyenku, kada a yi faɗa da su, kada kuma kowa ya je shi kaɗai. Ku tambayi wace hukuma ta aiko su, ku nemi sanarwar a rubuce, ku zaɓi mutane uku ko huɗu masu iya karatu su bi su gona gona, suna rubuta nasu lissafin na itatuwa da rijiyoyi. Kada kowa ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

A zama na gaba, kowace ikilisiya ta zo da duk takardar da take da ita ta filinta, ko tsohuwa ce, ko gara ta ci gefenta, mu duba tare. Yanzu zan karɓi tambayoyi, mu fara da iyayenmu mata.