Dogon Yaro a Gindin Ɗorawa



Yau maganar dogon yaro za mu yi. Baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya. Ya ba mu inuwa, ya ba mu magani, ba ma musu.

Amma ku leƙa dajin gari. Tsuntsaye da jemagu kan sha 'ya'yansa, su zubar da ƙwallon a gindin ɗorawa da tsamiya. Ya tsiro, ya cunkushe wurin, ya tare rana, ƙananan itatuwanmu na gado su kasa tasowa. In an sare shi, tohowa yake yi.

Don haka a tuge shi tun yana ƙarami, da damina, lokacin da ƙasa ke da laushi. Na bakin titi, a bar shi. Na gindin ɗorawa, a tuge shi.