Ranar Zuba Kankare



Yau maganarmu a kan leburan gini take. Ku leƙa wurin da ake zuba kankaren bene. Yaro ne matashi, kwano a ka, silifas a ƙafa, yana hawa katakon da ƙusa biyu ke riƙe da shi. Ba hular kwano. Ba safar hannu. Ba takalmin kirki.

Siminti kuwa ba wasa ba ne. Jiƙaƙƙensa yana cin fata har ya zama gyambo. Ƙurarsa kuma tana taruwa a huhu, sai an daɗe tari ya bayyana.

To, wa ke da alhaki? Ɗan kwangila, ranka ya daɗe, kai ne na farko. Mai kuɗin rodi ba zai rasa kuɗin hula ba. Kuma a Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ke kula da ita. Lebura nawa ne ya taɓa jin labarinta?

Kai ma malam birkila, girgiza katakon nan kafin ka ɗora yaronka a kai. In ya motsa, a tsaya a gyara.